Numfashi Biyu

Garejinmu na bayan gida, a gaɓar Cornwall,
inda iska ke shigowa ta ƙasan ƙofa
da gishirin teku a bakinta.
Nan MG ɗin Baba ta kwanta shekara tara,
koriya, 'yar ƙarama, bargo biyu a kanta,
tsatsa na cin gefenta a ɓoye
yadda gara ke cin azara, ba a jin motsinta.

Ta girme ni da shekara huɗu.
Inna ta ce a cikinta aka kawo ni gida daga asibiti,
rufin tamfol na yoyo,
Baba na rantsuwa gobe-goben nan zai liƙe shi.

Yanzu hannun Baba rawa yake.
Sifana ta fi ƙarfinsa,
kofin shayi ma rabi ke isa baki.
Don haka shi ke kan kujera, ni ke ƙasa,
bayana kan kwali, tocila tsakanin haƙora,
baƙin mai na ɗiga mini a gira.
"Ɗigon nan ba ciwo ba ne, Morwenna," in ji shi.
"Ran da ta daina ɗiga, to babu komai a cikinta."

Noti ɗaya ya cinye mini Asabar uku.
Na jiƙa shi da mai, na gasa shi da wuta, na zage shi,
na zagi wanda ya ɗaure shi tun kafin a haife ni.
Sai ran da fushina ya ƙare ya kwance,
ya tafi da fatar yatsuna biyu, ladan aikinsa ke nan.

Na sauya fulogi, na wanke tanki,
lagireto kuwa Jowan na bakin gada ya yi masa faci.
Na murɗa makulli. Shiru.
Kwana goma sha ɗaya ina zargin batir,
ashe wata 'yar baƙar waya ce ta yi kore a lungu,
ko tsawon ɗan yatsa ba ta kai ba.
Na goge ta da samfefa.
Ta yi tari. Ta sake tari. Ta tashi,
shuɗin hayaƙi ya kori kyanwa daga kan taga.

Amma ɗingishi take.
Kabureta biyu gare ta, kowace da nata numfashi,
kuma dole su ja iska tare
kamar mutum biyu masu sauko da tebur a matakala.
Baba ya ce a miƙo tiyon roba da ke rataye a ƙusa,
baki ɗaya a kunne, ɗaya a maƙogwaron kabureta,
haka ya shekara arba'in yana sauraronta.
Ya saurari ta gaba. Ya saurari ta baya.
Ya daɗe.
Sai ya goge bakin tiyon da gefen rigarsa,
ya miƙo mini, bai dube ni ba.
"Duk ɗaya nake jin su yanzu," ya ce.
"Teku kawai nake ji."

Na sa a kunne.
Ta gaba na huci kamar kububuwa,
ta baya na jan iska kamar mai barcin rana.
Na juya sukuru kaɗan, na saurara, na ƙara,
na zarce, na dawo,
har muryoyin biyu suka zama guda.
Baba ya ɗora tafinsa kan ƙarfen gefenta.
Rawar injin ta haɗiye rawar hannunsa,
na kasa raba tasa da tata.
"Nan," ya ce. "Kar ki ƙara taɓa ta."

Ran Lahadi muka fita, rufi a naɗe, ana yayyafi,
ya ja hularsa har kunne.
Mil uku muka yi.
Daidai gangaren tsohon coci ta mutu,
allurar mai kuwa na nuna rabin tanki.
Baba ya yi dariya har da hawaye.
"Na manta ban gaya miki ba.
Allurar nan maƙaryaciya ce tun ba ki yi haƙori ba."

Na ɗauki galan na kama hanya.
Da na waiwaya daga kwana,
injin na ƙas-ƙas yana hucewa,
shi kuma ya sunkuya kan sitiyari
yana yi mata magana.